Farfelar da Na Zaɓa da Ido Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zo ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na tsaya a filin ƙwallon bayan gari cikin shaddata ta Sallah, rabin Matameye na kallona, surukata kuma tana riƙe da ƙwaryar gero a sama tana jiran iskar da na yi mata alkawari. Amma bari in fara daga tushe. In na faɗi ƙarshen kawai za ka ɗauka taɓin hankali gare ni, alhali lafiyata ƙalau, cika baki ne kawai ya yi mini yawa.

Shekara bakwai ina zuwa cirani Kano. Da an gama kaka sai in ɗaure jakata, ba a sake ganina sai hadari ya fara haɗuwa. Sana'ata a can shayi ce. Ina da tebur da benci biyu a bakin titin da ke shiga filin jirgin sama, daga waje, nesa da ƙofa ma. Direbobin tasi da masu gadi da 'yan dako su ne mutanena. Jirgi kuwa kullum ina ganinsa, kamar yadda kowa ke ganin shirwa, wato a sama.

Shekarar farko da na dawo gida, muna zaune a fada (haka muke kiran wurin hirarmu ta yamma), wani ya tambaye ni inda nake aiki. Na ce, “Filin jirgi.” Ka ga dai ban yi ƙarya ba, na dai tsaya inda maganar ta fi daɗi. Sai wani ya dafa ni ya ce, “Kai, ashe jirgi kake gyarawa!” A nan ne ya kamata in buɗe baki. Maimakon haka na yi murmushi, na gyara zaman hulata. Kafin sati ya zagayo an raɗa mini suna Kumandan, wato kwamandan jirgi, kuma na amsa.

Matata Rabi ta san gaskiya, domin ita ke wanke rigunan da nake dawowa da su duk tabon madara. Ta rufa mini asiri, sai dai in na ɓata mata rai ta ce, “Kumandan, a ƙara sukari?” Mahaifiyarta kuwa, Inna, da ke zaune a Dawce, ita ce ta ɗauki maganar hannu bibbiyu. Inna ba ta da ɗa namiji, maigidanta ya daɗe da rasuwa, don haka duk abin da za ta yi tinƙaho da shi a cikin mata ni ne. In wata ta ce ɗanta ya aiko da atamfa daga Legas, Inna sai ta ce Allah ya yi albarka, nata surukin dai jirgi yake dubawa. Da wata maƙwabciyarta za ta tafi Makka tana ta fargaba, Inna ta ce ta kwantar da hankalinta, surukinta ba zai bari a ba su jirgi mara lafiya ba. (A wurin Inna filin jirgi ɗaya ne a duniya, kuma ni ke riƙe da shi.) Ina jin waɗannan labarai, kaina yana ƙara girma. Mutum ɗaya nake tsoron ya ji gaskiya a duniya, ita ce tsohuwar nan.

To, sai Lawali mai walda ya tashi ƙera jirgi.

Lawali abokina ne tun muna yara, mutum ne mara yawan magana, irin wanda in ya kalli kwano sai ya yi tunanin abin da zai iya mayar da shi. Shekara biyu yana haɗa abin a bayan garejinsa. Ƙashin jikin bututun ƙarfe ne marasa nauyi, fukafukan ya lulluɓe su da tamfol, ƙafafun na baro ne, kujerar kuma ta roba ce da ya yanke wa ƙafa. Injin wata babbar moto, wato babur, ya ɗaura a gaba, ya haɗa shi da sarƙa. Komai a wayar salula ya koya, yana kallo yana tsayarwa yana aunawa. Ban taɓa yarda na matsa kusa da abin ba. Duk lokacin da ya kira ni in duba, sai in tsaya daga nesa, in harɗe hannu a baya, in ce, “Ci gaba, kana kan hanya.” Wannan kalma ta ciyar da ni shekara biyu cur.

Ranar da ta ƙare mini ita ce ranar zaɓen farfela, fankar nan da ke juyawa a gaban jirgi. Lawali ya biyo ni har gida da hantsi, ya ce, “Kumandan, yau kam ba zan yi gaban kaina ba. Farfela ita ce ran jirgi. In ta yi wa injin nauyi ba zai kai gudunsa ba, in ta yi masa sauƙi zai ƙone kansa. Kai ka zauna da jirage, kai za ka zaɓa.” Na so in ce zazzaɓi nake ji, amma ya same ni ina tsakiyar cin ɗumame da hannu biyu.

Muka tarar da garejin cike, don labari ya riga mu. A kan tabarma wani dattijo na zaune da buhu a gabansa. Malam Isuhu ke nan, masassaƙi daga Kurni, wanda rabin turamen yankinmu daga hannunsa suka fito. Lawali ya kai masa zane, shi kuma ya sassaƙa farfela biyu da busasshen maɗaci. Ya zaro su ya shimfiɗa. Ɗaya doguwa ce siririya, ɗayar gajera mai faɗi, dukansu sai sheƙi suke yi.

Lawali ya tsuguna yana bayani. “Doguwar nan cizonta kaɗan ne, injin zai juya ta da sauƙi, amma ina tsoron tsawonta. Gajerar tana ɗibar iska da yawa a juyi ɗaya, ina tsoron ta danne injin. Wacce ka gani?”

A duk bayanin nan kalma biyu na gane, doguwa da gajera. Mutane sun yi tsit suna jirana. Sai na yi abin da duk ɗan garinmu zai yi in an miƙa masa itace, abin da mahaifina ya koya mini ranar da muka je sayen katakon ƙofa. Na ɗaga doguwar, na kafa ƙarshenta a gaban hancina, na rufe ido ɗaya, na bi tsawonta da kallo.

A murɗe take. Daga gindi ta kwanta gefe, tana tafiya tana juyawa har ƙarshe. Wallahi wani sanyi na ji a raina, don ga shi a ƙarshe an zo wurin da na sani. Na ɗauki gajerar na yi mata haka, ita ma a murɗe, har ta fi. Na ajiye su a hankali, na girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya so ya faɗa.

“Malam,” na ce, “ɗanyen itace ka sassaƙa?”

“Shekara huɗu yana rataye a rumfata,” in ji shi.

“To ya murɗe. Duka biyun. Ko ƙofar bayi ba za a yi da wannan ba, balle jirgi.”

Aka fara ƙus-ƙus. Na ji wani a baya yana cewa, “Ka ga aikin sani. Kallo ɗaya ya yi mata.” Wannan magana ta shige ni kamar an zuba wa wuta kalanzir. Na leƙa buhun, sai na hango itace na uku. Na zaro shi. An fitar masa da siffar farfela, an huda tsakiya, amma a shimfiɗe yake kamar allo. Na rufe ido ɗaya na duba. Miƙaƙƙe sambal, babu inda ya kauce.

“Ga farfela,” na ce, “kuna ɓoye ta a buhu.”

Malam Isuhu ya ɗago ya dube ni. “Wannan ai ban fara ta ba. Na taho da ita ne ko za a ce a yi wani awon.”

“Shi ya sa ba ta lalace ba,” in ji ni.

(Har yau in na tuna wannan amsa sai in rufe fuska, ko ni kaɗai ne a ɗaki. A ranar kuwa dariya aka yi, aka tafa mini.)

Lawali dai bai yi dariya ba. Ya zaro salularsa ya matso da ita. “Amma Kumandan, dubi hoton nan. Ta nan ma a murɗe take.”

Na kalli hoton na mayar masa. “Mai ɗaukar hoton ne ya tsaya a karkace. Lawali, kai a salula ka gani, ni shekara bakwai ina kwana ina tashi a wurin. In ba ka yarda da ni ba, me ya sa ka taso ni ina cin abinci?”

Lawali bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, kuma bai taɓa jin na yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Shi ke nan, yadda ka ce.” Na ba da umarni a fere bakinta ya yi kaifi, a goge ta, a shafa mata fenti ja a ƙarshe. Malam Isuhu ya ce, “To. Ni dai nawa sassaƙa.” Ya mayar da biyun cikin buhu, ya ɗaure bakin a hankali. Aka sa ranar Asabar za a gwada injin a filin ƙwallo.

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma ranar Alhamis muka je Dawce ni da Rabi, in yi wa Inna sallama kafin in koma Kano. Muka same ta a bayan gida ita da maƙwabtanta, sun sussuka gero sun tara, sun zauna sun zuba tagumi. Kwana uku babu iska, ko ganye ba ya motsi, ga shi tana so ta kai buhu huɗu kasuwar Matameye. Na tsuguna daga nesa kamar yadda ya dace, na sunkuyar da kai na gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani gefe, ta ce wa Rabi, “Kin ga yadda muke. Shiƙa ta gagara.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. “Inna, ai iska ba abin damuwa ba ce. Ku taho da geron yadda yake filin ƙwallonmu ranar Asabar. Akwai jirgin da nake dubawa, za mu tayar da shi. Iskar da zai bayar, kafin ki ɗaga ƙwarya sau goma kin gama.”

Matan suka dubi juna. Inna ta gyara zama, ta ce, “Kun ji ko? Ba na faɗa muku ba?” Nan take ta gayyaci uku daga cikinsu su ma su kawo nasu. A hanyar dawowa, da muka kusa gari, Rabi ta ce, “Ka tabbata da abin nan?” Na ce mata harkar jirgi ba ta mata ba ce. Ta ce, “Haka ne. Ta masu shayi ce.”

Asabar ta zo da rana mai zafi, iska ta ɗauke ɗif. Na sa shaddata ruwan toka da hula sabuwa. An turo jirgin tsakar fili, an ɗaure wutsiyarsa da igiya a jikin wata bishiyar dogon yaro. Lawali ya yi wa mutane bayani cewa yau ba tashi za a yi ba, ƙarfin ja za a gani. In farfela ta yi daidai, jirgin zai yunƙura gaba, igiyar ta miƙe ta yi tauri, iska kuma ta yi baya. Malam Isuhu ya zo shi ma, ya zauna can gefe a kan buhunsa.

Can sai ga amalanke biyu daga Dawce, buhuna a kai, mata a kan buhuna. Inna ta sha lulluɓinta na zuwa biki. Aka shimfiɗa tabarmi a bayan jirgin. Ni kuwa sai kai da komo nake yi ina ba da oda. Na ce mata su ɗaure ɗankwali da kyau. Na sa aka kori masu tallan rake daga layin iska. Sau biyu ina aika Rabi ta ce wa Inna ta ƙara ja da baya, kada iska ta kayar da ita. Ta ja, tana murmushi, tana satar kallon ƙawayenta ta ga ko sun ji.

Lawali ya hau kujerar roba, ya yi bisimilla, ya tayar da injin. Farfelata ta juya, ta juya, har ta ɓace, sai da'irar jan fenti kake gani. Ƙara ta cika filin. Mutane suka toshe kunne, wasu suka dafe huluna.

Ba hular da ta motsa.

Na dubi igiya, tana kwance a ƙasa abinta. Na dubi bishiya, ganye ko ɗaya bai kaɗa ba. Na waiwaya wajen mata. Inna ta cika ƙwarya, ta ɗaga sama da hannu biyu, ta runtse ido, ta fara zubawa. Gero da ƙaiƙayi suka sauko tare, a miƙe, suka taru a gabanta yadda suka hau. Ta sake cikawa ta sake zubawa. Haka dai.

“Ƙara wuta!” na daka wa Lawali tsawa. Ya ƙara. Kukan injin ya koma siriri kamar na injin niƙa da ba a zuba masa komai ba. “Ƙara!” Sai warin ƙauri ya taso. Lawali ya dube ni, ya dubi injinsa na shekara biyu, ya kashe.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, Inna ta riga ta ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar, sai ƙarar ta ɗauke daidai lokacin da ta buɗe baki. Duk filin ya ji ta.

“Rabi! Ki tambayi maigidanki, an saki iskar ne ko tukuna?”

Ba da gatse ta yi ba, wannan ne ya fi ciwo. Da gaske take tambaya, ƙwarya na sama, tana jiran in ce yanzu za a saki. Na buɗe baki na ce injin ne bai yi zafi ba. Lawali ya ce, “Saura kaɗan ya kama da wuta.” Na ce to wataƙila man ne ba mai kyau ba.

Sai Malam Isuhu ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya je wajen matan ya ari faifai, ya dawo ya tsaya a gabana. Ya riƙe faifan a kwance ya wuce da shi ta gaban fuskata, bakin faifan yana yanka iska. Ban ji komai ba. Ya ɗan karkata shi ya sake wucewa. Iska mai sanyi ta bugi gumin goshina.

“Ka ji?” ya ce, ƙasa-ƙasa. “Murɗiyar da ka ƙi, ita ke ɗibar iskar. Kwana tara na yi a kan kowace ɗaya ina fitar da ita.”

Wata daga cikin matan Dawce ta ce, “Ai wannan ko mu mun sani.”

Ya kwance buhunsa, suka yi shawara da Lawali, ba wanda ya waiwaye ni. Na ji suna cewa a fara da doguwar tunda injin ya wahala, in ya juya ta ba tare da ya yi kuka ba to ita ce. Suna ɗaurawa ina ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, da niyyar in zagaya bayan bishiya in sulale gida. Na wuce tabarmin mata, na kai bayansu, sai na tarar jama'a sun yi katanga, babu ta inda zan ratsa. Ina nan tsaye ina neman kafa aka tayar da injin.

Wannan karon muryarsa daban ce, mai kauri, kamar ta abin da ya sami aikin yi. Igiya ta yi tsalle daga ƙasa ta miƙe, bishiya ta girgiza, jirgin ya yunƙura yana neman ƙwacewa. Huluna suka tashi. Filin ya kaure da ihu, wata ta rangaɗa guɗa, Lawali na kan kujera yana dariya hawaye na zuba. Mata kuwa ba su tsaya kallo ba, kwana biyar suna jiran iska. Su huɗu suka ɗaga ƙore a tare. Tsaba ta sauka fes a kan tabarma, ƙaiƙayi ya yi baya.

A baya kuwa ni ne.

Wanda bai taɓa shiga ƙaiƙayin gero ba, ba zai gane ba. Ya shiga wuyan riga, ya shiga kunne, ya bi gumi ya manne. Shaddata ta koma ruwan ƙasa. Jikina ya ɗauki wuta tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ga shi kuma Inna na fuskantata, taku kaɗan tsakaninmu, ɗan mutunci kuwa ba ya tsayawa gaban surukarsa yana susa. Haka na ƙame, hannu a harɗe a baya, ido na ruwa, buhu bayan buhu yana ƙarewa a kaina. Ban san tsawon lokacin ba. Ni dai na san na yi tuba iri-iri a wurin.

Da aka kashe injin, Lawali ya sauko mutane na rungumarsa. Ya ratso su ya zo inda nake. Ba fushi a fuskarsa, abin da na gani ya fi fushi nauyi.

“Kumandan,” ya ce, “tsakaninka da Allah, a filin jirgin nan me kake yi?”

Na dubi Rabi, ta sunkuyar da kai. Na ga babu sauran wurin ɓuya.

“Shayi,” na ce.

“Me?”

“Shayi nake dafawa. A waje, bakin titi. Da ƙwai, in an ce a soya.”

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai rake ya sake tambaya a maimaita masa don bai ji wurin ƙwai ba. Shi kansa Lawali ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna ta durƙusa tana tara geronta da tafin hannu, ba ta ɗago ba. Da ta gama ta ce wa Rabi, “Ki ce ya kama a ɗora buhunan nan.” Tun da aka raɗa mini Kumandan ba ta taɓa bari na ɗaga ko bokiti a gabanta ba, wai hannun da ke taɓa jirgi. Na ɗora buhu huɗu ni kaɗai, kuma na ji daɗin nauyinsu, don sun ba ni dalilin sunkuyar da kai.

Lawali da Malam Isuhu ba su ba ni wahala ba. Na je na ba su haƙuri washegari. Lawali ya ce injin bai mutu ba, don haka ni ma ba zan mutu ba. Malam Isuhu ya ce in kawo masa miƙaƙƙiyar ya ƙarasa ta, itacen ba shi da laifi. (In kana so ka ji ko jirgin ya tashi, to har yanzu ya fi son ƙasa. Yana gudu dai, har wutsiya ta ɗaga, kuma Lawali ya ce saura ƙiris.)

Dawce ce ta gagare ni. Kwana uku ina ɗagawa, har Rabi ta ce in ban je ba ita za ta je ta ce na gudu. Na tafi. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na tsuguna a bakin ƙofa, na gaishe ta, na ce na zo neman gafara. Na zata za ta bi ta bakin wani kamar kullum, amma ba kowa a gidan, dole ta yi magana da ni kai tsaye. Shi ne karo na farko.

“Shayi ai sana'a ce,” ta ce, idonta a kan wake. “Da shi ka ciyar da 'yata shekara bakwai, ba ta taɓa zuwa nan da yunwa ba. Da ka faɗa mini tun farko, da shi zan yi fahariya.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

“Abin da ya hana ni barci daban ne. Kai sau ɗaya ka yi taka ƙaryar. Ni kuwa da ban sani ba, gida-gida na bi da ita. Har wadda za ta Makka na ce wa ta dogara da kai. Yanzu da tsufana sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in ce abin da na faɗa ba haka ba ne.”

Ta jawo lulluɓinta, ashe da gaske tafiya za ta yi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ta filin ƙwallo wasa ce. Na ce, “Inna, don Allah ki zauna. Ni na ɗora miki, ni zan sauke. Ki faɗa mini gidajen.”

Ta dube ni, karon farko ido da ido, sannan ta fara lissafawa da yatsu. Yatsun hannu biyu suka ƙare ba ta gama ba.

Haka na wuni a Dawce. In yi sallama, a fito, in tsuguna in ce, “Ni ne surukin Inna. Na zo in shaida muku ba na gyaran jirgi, shayi nake sayarwa, ita ma ba ta sani ba.” Wasu su yi dariya har su ba ni fura. Wasu su kira na cikin gida a zo a ji da kunne. Hajiyar da ta je Makka ta riƙe baki ta ce, “Ashe haka na hau shi ba wanda ya duba!” Wani tsoho mai nauyin ji ya sa na faɗa sau uku da ƙarfi, har maƙwabtansa suka ji, na huta da shiga gida biyu. La'asar sakaliya na koma na ce wa Inna na gama. Ta ce saura gidan mai unguwa. Na je.

Da na dawo na tarar ta ajiye mini tuwo a rufe, ta shige ɗaki don in ci a sake. Daga ciki na ji tana ce wa wata da ta leƙo, “Surukina ne. Shi da ƙafarsa ya bi gari.” Muryar nan dai ce ta dā, wadda take faɗin jirgi da ita.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka yi shiru a ƙara maka girman da ba naka ba, to ka fara tambaya gida nawa ne a garin surukarka, domin wata rana da ƙafa za ka bi su, kuma Dawce ta fi yadda ake ganinta daga bakin hanya girma.